Wutar Zuwa Roni

Tun da aka kafa dokar rabon wuta, motar haya, da yake da lantarki take tafiya, ba ta ɗaukar mutum sai ya zuba mata wutar gidansa. Shi ya sa Iya Tabawa, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a Kurna, ta daina kunna ƙwan ɗakinta. Har rediyon da ke ɗebe mata kewa ta kashe, tana tara rabonta a batir.

Ran nan da hantsi ta ɗauki batirin a ka, ta kai wa Sallau direba a tasha.

"Ɗan nan, duba mini. Zai kai ni Roni? Can sauran dangina suke."

Sallau ya jona, ya duba. "Zuwa kam zai kai, Iya. Na dawowa ne babu."

"Wa ya ce maka dawowa zan yi? Can nake so a binne ni!"

Ya sunkuyar da kai. "Motar fa, Iya? Da me za ta dawo? Can babu wuta."

Ta daɗe tana kallon batirin, sannan ta gyara gammonta.

"Aza mini, in koma in ƙara tari. Dama rediyon nan ya cika surutu."