Gidan Zanzaro a Kumatuna

Ranar da hangum ya kumbura min kumatu a Badafi, kakata Iya ta ɓamɓaro gidan zanzaro daga bangon ɗakinta za ta kwaɓa min magani. Tana murƙushe shi sai korayen tsutsotsi suka zubo a tafinta, suna ɗan motsi. Wata farar tsutsa ta kafa kai a cikin ɗaya, ta cinye rabinta.

Na ce, "Iya, ai da ransu."

Ta ce, "Harbinsu yake su sandare, don kada abincin 'ya'yansa ya ruɓe. Miƙo kumatun."

Ta kaɗe su da yatsa, ta kwaɓa ƙasar, ta shafa min. Kumburin ya sace. Amma har yau in zanzaro ya gifta, sai na goge kumatuna.