Guntun Waya

"Ɗana, ni ma ka sa mini sola," in ji Alhajin da ke sayar da wutar janareta a layinmu na Hausari.

Shi ne ya datse wayar shagon ɗinkin Baba ana saura kwana uku Sallah, don kawai Baba ya ce hayaƙin yana sa shi tari. Shagon bai sake tashi ba. Ni kuwa na tsinci guntun wayar, na adana.

Shekara shida na yi a hamadar Masar ina ɗaura farantan sola, inda Larabawa suka zuba dukiya a hasken rana. Da na dawo, ba rufin da ban hau na sa sola ba a layinmu, har janaretan Alhajin ya yi tsit.

Na zaro guntun wayar nan daga aljihu, na danƙa masa.

"Fara jona wannan tukuna, Alhaji."