Sai Baba Ya Ga Teku

Ranar da likita ya ce idanun Baba ba za su kai baɗi ba, daga asibiti kasuwa ya zarce ya sayo keke. Wai sai ya ga teku kafin hasken ya ɗauke, kuma ba a mota ba, don mota gudu take da mutum, ba ta barinsa ya kalli hanya.

"Baba, kai da ba ka taɓa hawa ba?" in ji 'yarsa.

"Ke ma da rarrafe kika fara, auta. Riƙe mini sirdin."

Ta riƙe. Ya faɗa kwata, ya kuje gwiwa, ya tashi. Da ƙafarsa ta zauna a hawan keken, sai ya riƙa ɗaura buhun yashi yana zaga unguwa, don cinyoyinsa su saba da kaya. Ya koyi faci, yana nutsa robar taya cikin baho ya nemo inda kumfa ke tasowa. Daga baya ta lura ya daina ɗebo ruwan. A kumatunsa yake kara robar, yana jiran iska ta taɓa shi.

Ranar tafiya ta fito ta tarar da shi zaune a ƙofar gida, kaya a ɗaure, hannunsa bisa keken.

"Baba, ba ka tafi ba?"

"Gaggawar me, auta? Bari dai gari ya waye."

Ta dubi hantsin da ke dukan fuskarsa. Ta jawo kujera.

"To, Baba. Mu jira."