Ƙorafi na Arba'in da Ɗaya

Manajan masana'antar robobi ya shigo ofishin kwamfutocin masana'antar ko sallama babu, ya mayar da ƙofa ya murza makulli. Injiniya tana tsugune bayan tebur tana ɗaure wayoyi. Tana ɗagowa ta ga fuskarsa, ta san ba lafiya ba.

"Sunan wanda ya rubuta ƙorafi na arba'in da ɗaya ake so," in ji shi. "Mai kamfani yana tafe da kansa."

Shekara tara ke nan da ita da Dogo, abokin karatunta, suka buɗe ɗan kamfaninsu a shago ɗaya, da teburin aro da fankar da sai an zungure ta take juyawa. Aikinsu shi ne haɗa kwamfutocin ma'aikata su riƙa magana da juna a cikin gida, daga sanarwa har takardar neman hutu, ba mai leƙowa daga waje. Sun sha wuya shekara uku kafin Dogo ya ƙirƙiro akwatin ƙorafi, inda ma'aikaci zai amayar da abin da ke cinsa ba tare da suna ba. Wannan akwati shi ya fitar da su kunya. Ma'aikatu goma sha huɗu suka saya, kowacce kuwa sai da Injiniya ta dafa ƙirji ta rantse cewa ko su da suka gina ba sa ganin mai rubutu.

Ashe rantsuwar da saura. Ranar da suka kafa na masana'antar robobi, Dogo ya kunna rajistar gwaji, mai ajiye sunan duk wanda ya aika saƙo, don ya ga ko abin yana tafiya. Ana cikin haka aka kira shi matarsa tana naƙuda, bawan Allah ya fita da takalmi a hannu, rajista ta zauna a kunne shekara shida. Injiniya ta gano a watan jiya, ta ce bari Dogo ya dawo daga tafiya su goge tare, tunda shi ya san kan abinsa. To ga inda "bari sai gobe" ya kawo ta.

Ƙorafin kuwa ba wanda bai ji labarinsa ba. An cire murfin kariya na injin yanka don aiki ya yi sauri, injin ya cinye hannun wani magidanci, aka ce gangancinsa ne. Mai rubutun ya kawo komai dalla-dalla, har ranar da aka sa hannu a takardar cire murfin, ya ce in ba a mayar ba zai kai wa hukuma.

Auta, ƙanenta, shi ke aiki a kan injin da ke gefen na yankan. Tun yana ƙarami ba a taɓa cin sa da baki ba. Makon jiya a ɗakin mahaifiyarsu ya buga ƙasa ya ce, "Wallahi Yaya, sai na tona musu asiri." 'Ya'yansa uku. Direban da aka taɓa zargi da irin wannan, a bakin titi aka tsince shi da karyayyun haƙarƙari, har yau ba wanda ya tambayi dalili.

"Ranka ya daɗe, ba a gani," ta ce. "Haka muka gina shi."

"Ko ke?"

"Ko ni."

"In ya kawo masana daga waje suka kwance waccan fa?" Ya nuna babbar kwamfutar da ke huci a kusurwa, inda bayanan masana'antar suke. "Ya ce in kin ƙi, yau za a ɗauke ta."

In masana suka zo, kafin su gama shan ruwa za su ga rajistar. Manaja ya daɗe yana kallonta, ya zaro hankici ya share gumi, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Ya taka zuwa taga ya juya mata baya. "Zan tsaya in ga isowarsa. Minti biyar gare ki, ki yi abin da ya kamata."

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta zauna, ta buga kalmar sirri ta kuskure, ta sake ta kuskure. In ta goge, mutanen mai kamfani za su ga alamar an goge, shekara tara sun tafi a banza, ita ma Allah kaɗai ya san makomarta. In ta bari, ta miƙa ɗan uwarta da hannunta. Me za ta ce wa tsohuwa?

Mota ta yi oda a ƙasa. Aka rufe ƙofofi, ɗaya, biyu, uku. Manaja bai motsa ba, hannuwansa dai yana ta murzawa a bayansa.

Rajista ta buɗe, layi a kan layi, kowace lamba da sunanta. Ta yi niyya ba za ta duba ba, don gobe in an sa ta rantsuwa ta rantse ba ta sani ba. Takun takalma ya cika matakala. Ta zaɓe duka. Kwamfuta, da rashin kunyarta, ta tambaye ta ko ta tabbata.

Aka buga ƙofa har makulli ya yi tsalle.

Ta danna, komai ya tafi. Sai dai ido ba ya neman izini, kafin layin ya ɓace ya riga ya karanta: ba sunan Auta ba ne a gaban lamba arba'in da ɗaya, sunan mutumin da ke tsaye a bakin taga ne.