Wanzamin da aka ce ido ɗaya ya ishe shi

Ka ce wai wanda ya rasa ido ɗaya bai rasa komai ba tunda yana gani. To, zauna ka ji.

Akwai wani wanzami a wani gari, hannunsa ya yi suna, har ana cewa askarsa ba ta tada jariri daga barci. Wata rana yana wucewa ta ƙofar maƙera, tartsatsin ƙarfe ya tashi ya faɗa masa a idon dama, idon ya mutu. An daɗe ana gaya wa maƙerin ya kafa zana tsakanin uwar maƙerarsa da hanya, ya ƙi. Da ciwo ya warke, wanzami ya ga duniya tana nan yadda ya bar ta, amma ta baje kamar zane a bango. Yana ganin buta sarai, in ya miƙa hannu sai ya kamo iska. In ya zo zuba ruwa a moɗa, sai ya zuba a ƙafarsa. Dokin ƙofar da ya shekara arba'in yana tsallakawa ya fara kayar da shi. Ashe ido biyun nan kowanne ta gefensa yake leƙen abu, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi ke gaya wa mutum kusa da nesa. Wanda ke aiki tsakanin kaifin aska da fatar mutum kuwa, nisan da bai kai ƙwayar gero ba shi ne abincinsa. Ranar da ya yanki kunnen wani dattijo, ya naɗe zabirarsa ya rataye.

Ya kai ƙara gaban dattawan gari, yana neman a kafa zanar nan, kuma maƙeri ya ɗauki noman gonarsa tunda ya raba shi da sana'a. Maƙeri ya yi dariya ya ce ai ga shi ya zo da ƙafarsa ba ɗan jagora. Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce ya gode wa Allah da ya bar masa ɗaya, ido ɗaya ma ido ne. Wanzami bai tashi ba. Ya san matar maƙeri ta haihu, suna na tafe. Sai ya ce, "Na gode wa Allah, ba sai kun tuna mini ba. Tunda kun yanke cewa idona lafiya lau, ni zan yi wa jaririn maƙeri askin suna, a gabanku, har kan maɗiga." Maƙeri ya ce ai an riga an yi magana da wani wanzami. Wanzami ya ce a sallame shi, shi ba ya karɓar ko ƙwayar goro. Maƙeri ya dubi idon da ya mutu, ya dubi hannun wanzami, ya ce wallahi ba a kan ɗansa ba. Babu dattijon da ya ce a kawo nasa jikan. Kafin rana ta faɗi an kafa zana, da damina ta sauka kuma aka ga maƙeri duƙe a gonar wanzami.

Saboda haka kada ka sake auna wa wani asararsa da idanunka biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.