A Kan Kwamfutar Oga

Ku yi haƙuri, ban taɓa rubuta labari ba, haushi ne ya sa ni.

"Kunna mu gani," in ji Oga, ya turo min kwamfutarsa.

Manhajarmu ta ajiyar bayanai tana da ɗan shirin da ke duba kwamfuta kafin a ɗora manhajar a kanta. Sai a kan irin ta Oga yake tashi, a sauran ya tsaya cak. Ni aka ba gyaran, a kansa za a yanke ko za a riƙe ni aiki. Na gyara har kowace irin kwamfuta ta karɓa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada a wata."

"Tawa ta fi kusa."

Na kunna, ya tafi sumul.

"Ikon Allah! Ai haka yake tun kafin ki zo, 'yar boko. To me kika gyara?"

Ofis ya kwashe da dariya, har da abokin aikina na bakin taga, wanda sai yau da safe shirin ya fara tashi a kwamfutarsa. Kafin dariyar ta lafa, na ɗauki jakata na sulale.