Isuhu Tsakuwa Bai Huta Ba

Shekara tara ke nan da kamfanonin fim suka haɗe suka zama ɗaya, Gamayya. Shekara bakwai da rasuwar jarumi Isuhu Tsakuwa, amma duk Juma'a sai an saki sabon fim ɗinsa da na'ura ta haɗa, yana saurayi.

Ranar Talata Iya Tasalla ta ɗauki mayafi za ta ofishin Gamayya. Tun tana budurwa take kallon Isuhu, har Bichi ta je gaisuwar mutuwarsa.

"Iya, ki haƙura," in ji maƙwabciyarta Delu. "Da can in wannan kamfani ya ɓata miki rai sai ki koma wancan. Yanzu ina za ki?"

"Ba faɗa zan yi ba. Roƙonsu zan yi su bar bawan Allah ya kwanta. In sun ƙi, ko furfurarsa su mayar masa."

A ofishin ba kowa, sai kujera ɗaya da allon talabijin a bango. Tana zama allon ya kawo haske.

"Sannu da zuwa, Iya," in ji Isuhu daga cikin allon, da murmushin nan nasa. "Wane ƙorafi kika kawo mana?"

Ta daɗe tana kallonsa.

"Allah ya jiƙanka," ta ce, ta dafa gwiwa ta miƙe.